Kunne Ɗaya Ko Kunnuwa Goma: Iyafis Mai Igiya Da Marar Igiya A Ƙasar Gaya Da Ajingi

(Jawabin da aka gabatar a wani zaman tattaunawa na ɗalibai 'yan asalin ƙasar Gaya da Ajingi)



Da farko muna miƙa godiya ga waɗanda suka shirya wannan zama, da suka ga dacewar a ba mu fili mu ce wani abu, alhali kuwa a cikin ɗakin nan akwai waɗanda suka girme mu a shekaru da kuma karatu. Batun da muka zaɓa ƙarami ne a ido, watau ɗan abin sauraron nan da ake cusawa a kunne, wanda 'yan kasuwar waya suke kira iyafis, da kuma babban wansa mai rufe kunnuwa ruf, wanda ake kira hedifon. A ɗakunan kwananmu ana yawan gardama a kan wanne ya fi, mai igiya ko marar igiya, kuma galibi gardamar takan ƙare ne a kan kuɗi da ado. Mu kuwa muna so mu ƙara tambaya guda a kan waɗannan: idan sauti ya fito daga na'ura, kunnuwa nawa yake kaiwa? Dalilin tambayar shi ne, mu mutanen ƙasar Gaya da Ajingi mun tashi ne a inda labari da ilmi da nishaɗi suka fi shigowa ta kunne, kuma a cikin taro ake karɓarsu. Saboda haka duk abin da zai sauya yadda muke sauraro, lalle ne ya taɓa yadda muke zama da juna.

Waya Da Wayar Iska

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu warware wata kalma da za ta iya rikita mu. Asalin ma'anar "waya" shi ne zaren ƙarfe. Da Turawa suka ja wannan zare daga gari zuwa gari don aika saƙo, sai saƙon ya gaji sunan zaren, aka samu "buga waya" da "gidan waya". Da aka zo da na'urar da take aika saƙo ba tare da zare ba, sai magabatanmu suka raɗa mata suna "wayar iska". Ga shi a yau abin da yake cikin aljihunmu ba shi da ko taƙi ɗaya na zare, amma har yanzu waya muke ce masa. Don haka a cikin wannan jawabi, in muka ce "waya" muna nufin wayar hannu, in kuwa muka ce "igiya" muna nufin zaren da yake ɗauko sauti.

Wannan ɗan tarihi na kalma yana nuna mana cewa gardamar mai igiya da marar igiya ta girmi iyafis nesa ba kusa ba. Rediyon farko da Kanawa suka sani ma mai igiya ne. A watan Disamba na 1932 gidan rediyon BBC ya fara watsa shirye-shirye zuwa ƙasashen da Ingila take mulka. A 1935 gwamnatin mulkin mallaka ta kafa wani tsari a Ikko, inda ake kama shirye-shiryen a tasha ɗaya, sa'an nan a rarraba su ta igiya zuwa akwatunan da aka maƙala a gidaje. Tsarin ya isa Ibadan a 1939, ya iso Kano a 1944. Mai akwatin ba shi da ikon zaɓen tasha, iyakarsa ya kunna, ya ƙara murya ko ya rage, kuma yana biyan kuɗin haya. A birnin Kano har lasifikoki aka kafa a wuraren taruwar jama'a, domin wanda ba shi da halin hayar akwati ya tsaya ya ji. Watau tun ranar farko, sauraron rediyo a ƙasar nan aikin taro ne.

Igiyar nan a manyan birane ta tsaya. Abin da ya kawo rediyo ƙauyukanmu shi ne wani ɗan ƙanƙanen abu da ake kira taransista, wanda aka ƙirƙira a Amurka a 1947, aka kuma fara sayar da rediyon aljihu mai amfani da shi a 1954. Da shi aka samu rediyo marar nauyi, mai aiki da batir, wanda ba ya bukatar igiya ko wutar lantarki. A daidai wannan zamani kuma muryoyin Hausa suka yawaita a iska: Sashen Hausa na BBC ya fara ranar 13 ga Maris, 1957, Rediyon Kaduna a 1962, Sashen Hausa na Muryar Jamus a 1963, na Muryar Amurka kuma a 1979. A ƙarshen 2003 Freedom Radio ta buɗe a Kano, tashoshin FM masu zaman kansu suka biyo baya.

Rediyo Ɗaya, Majalisa Guda

Duk wanda ya tashi a Gaya ko Ajingi ya san yadda ake yi. A shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ko a kewaye teburin mai shayi, a ajiye rediyo a tsakiya, a ja eriya. Mai rediyo mutum ɗaya ne, masu sauraro kuwa sai su kai goma. Manomi ya rataye nasa a reshen bishiya yana noman gero, maƙwabcin gonarsa yana ji. Makiyayi ya saɓa nasa a kafaɗa. A cikin gida rediyo yana magana ana surfe, ana ɗinkin hula, yara suna tsintar abin da suka tsinta.

Amma abin da ya fi muhimmanci a nan shi ne abin da yake biyo bayan labarai. Da zarar mai karanta labarai ya yi sallama, sai majalisa ta buɗe nata shirin. Wanda ya taɓa zuwa ci-rani Kurmi ya bayyana inda garin da aka ambata yake. Malamin makaranta ya fassara kalmar da ta shige wa mutane duhu. Dattijo ya tuno lokacin da irin wannan abu ya taɓa faruwa, domin kunne ya girmi kaka. In wani ya ji ba daidai ba, nan take a gyara masa tun kafin ya tashi ya kai maganar kasuwa. Rabin amfanin rediyo a cikin akwatin yake, ɗaya rabin kuwa a bakin mutanen da suka kewaye shi.

Hukumomi ma sun gane haka. A Jamhuriyar Nijar tun 1962 aka kafa ƙungiyoyin sauraron rediyo, inda mutanen ƙauye suke taruwa su ji shiri, su tattauna, a kuma ɗauki ra'ayinsu a mayar wa gidan rediyo. A nan Nijeriya, Hukumar Ilmin Makiyaya ta Ƙasa da aka kafa a 1989 ta yi amfani da irin wannan dabara ta sauraron taro a rugage. Ko a 2020, da annobar korona ta sa aka rufe makarantu, ta rediyo aka riƙa koyar da darussa a Jihar Kano, kuma a gidaje da yawa rediyo ɗaya ne ya zama aji ga yaran gida da na maƙwabta.

Yadda Sauti Ya Koma Cikin Kunne

Hedifon ba sabon abu ba ne. Tun wajen 1910 wani Ba'amurke mai suna Nathaniel Baldwin yake haɗa shi da hannu a gidansa yana sayar wa rundunar sojan ruwan ƙasarsu. Shekaru da yawa kayan aiki ne na masu haɗa layin tarho da matuƙa jirgin sama da ma'aikatan gidan rediyo. Abin da ya fito da shi kan titi shi ne ƙaramin rikoda mai cin kaset da kamfanin Sony na Japan ya fitar ranar 1 ga Yuli, 1979, mai suna Walkman.

A nan akwai wani abin lura. Walkman na farko kafofin hedifon biyu gare shi, domin mutum biyu su saurara tare. Bugu da ƙari, yana da wani maɓalli da in aka danna, sautin kaset ya ragu, masu sauraron biyu su yi magana da juna ta ɗan makirufon da yake jikinsa. Shugabannin kamfanin sun ji tsoron kada mutane su ɗauki sauraron mutum shi kaɗai a matsayin rashin ladabi. Da kasuwa ta nuna masu cewa kowa nasa yake so, sai aka cire maɓallin a samfuran da suka biyo baya. Ashe har a ƙasar da aka ƙera abin, sai da aka yi tunanin abin da muke tunani yau.

Mu a nan, kaset ya zo mana ne a cikin manyan rikodoji, inda waƙoƙin Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da karatun malamai suke tashi kowa yana ji. Iyafis bai zama ruwan dare ba sai bayan da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, musamman da wayoyi masu araha suka zo da rediyo da katin ajiya, aka kuma samu masu sana'ar tura karatu da waƙoƙi da fina-finai a kasuwanninmu. Daga nan sauti ya fara barin tsakiyar tabarma yana komawa cikin kunnen mutum ɗaya.

Mai Igiya: Abin Da Yake Iyawa

Aikin iyafis mai igiya ba shi da wuyar ganewa. Waya takan mayar da sauti ya zama 'yar ƙaramar wutar lantarki mai hawa da sauka, wutar ta bi igiya ta isa wani ɗan naɗin zaren tagulla da yake kusa da maganaɗisu, naɗin ya girgiza wata 'yar fata mai laushi, fatar ta girgiza iska, kunne ya ji. Ƙarfin da ake bukata kaɗan ne ƙwarai, kuma daga wayar yake fitowa. Saboda haka mai igiya ba ya neman caji, ba shi da batir da zai mutu, sauti kuma ba ya jinkiri a hanya. Bakinsa mai kaurin milimita 3.5 yana shiga waya da rediyo da kwamfuta ba tare da tambayar sunan kamfani ba.

Akwai kuma wani aiki da igiyar take yi wanda da yawa daga cikinmu ba mu lura da shi ba. A wayoyi da dama, in ka buɗe rediyon FM sai wayar ta ce sai ka sa iyafis. Dalili shi ne igiyar ce eriya. Tashoshin FM suna watsa shiri ne tsakanin megahaz 87.5 da 108, tsawon zangon irin wannan sauti a iska kuwa kimanin mita 3 ne, kuma eriya takan yi aiki sosai in ta kai wajen rubu'in wannan tsawo, watau kimanin santimita 75. Igiyar iyafis takan ɗara mita ɗaya kaɗan, ke nan ta wadatar. Ma'anar wannan ga ɗan Ajingi ita ce, da igiyar nan zai ji labarai da darussa da tafsirin azumi ba tare da ya sayi data ko ta kwabo ba. Har ma yana iya barin igiyar a jiki ya mayar da sautin kan lasifikar waya, jama'a su ji tare. Gaskiya ne wasu ƙananan wayoyin Itel da Tecno suna da eriya a cikinsu, amma a sauran, ranar da aka yar da igiya an yar da rediyon kyauta.

Aibinsa kuwa sananne ne. Igiya takan harɗe, takan maƙale a ƙofar mota, takan tsinke daga ciki a gindin baki, sai kunne ɗaya ya mutu. Na arahar cikinsu ba ya daɗewa, araha kuwa ba ta ado. Amma ko a nan yana da wata fa'ida: mai gyaran rediyo yana iya yanke wurin da ya lalace ya liƙe da dalma, abu ya tashi.

Marar Igiya: Daɗinsa Da Nauyinsa

Marar igiya yana aiki ne da fasahar Bluetooth, wadda injiniyoyin kamfanin Ericsson na ƙasar Suwidin suka fara aikinta a 1994. A 1998 kamfanoni biyar, watau Ericsson da Nokia da IBM da Intel da Toshiba, suka haɗu don daidaita ƙa'idojinta. Sunan kuwa laƙabin wani sarkin Denmak ne na ƙarni na 10, Harald, wanda ya haɗa kan ƙabilun ƙasarsa. A taƙaice, Bluetooth ɗan ƙaramin gidan rediyo ne da yake cikin wayarka, mai watsawa a kan gigahaz 2.4, wanda galibi ba ya wuce nisan mita 10. Waya takan matse sautin ta mayar da shi lambobi, ta aika ta iska, iyafis ya karɓa ya warware ya mayar da shi sauti. Wannan aiki yana cin lokaci kaɗan, shi ya sa wani lokaci in kana kallon fim sai ka ga baki ya riga murya motsi. Yana kuma cin wuta, shi ya sa kowane kunne yake ɗauke da batirinsa.

Abin ya bunƙasa ne daga 2016, shekarar da kamfanin Apple ya fitar da iPhone 7 ba tare da kafar iyafis ba, ya kuma kawo AirPods. Wasu kamfanoni suka bi sahu a manyan wayoyinsu. Yau in ka shiga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano za ka tarar da irinsu iri-iri, daga na Oraimo, wanda ɗan gida ɗaya ne da Tecno da Itel da Infinix, har zuwa jabun da ba su da suna.

Ba za mu hana shi haƙƙinsa ba. Tela a kan keken ɗinki, da makaniki, da mai aikin da hannuwansa biyu ba su da hutu, duk sun san daɗin rashin igiya. Wasu masu tsada suna rage hayaniyar waje, abin da yake taimakon mai karatu a ɗakin da ya cika. Sai dai kowane daɗi da nauyinsa. Yawancinsu sa'o'i 4 zuwa 6 suke yi kafin a mayar da su cikin akwatinsu, akwatin kuma shi ma caji yake nema. A garuruwan da wutar lantarki ba ta zama, inda ake kai waya shagon mai caji a biya, wannan ƙarin baki ne a kan akushi, balle tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin tayar da janareta ya hau. Sa'an nan batirin da yake ciki yana raguwa da kowane caji, bayan 'yan shekaru ya daina riƙe wuta, kuma a yawancinsu an liƙe shi da gam yadda ba a iya canza shi. In kunne ɗaya ya faɗa cikin yashi ya ɓace, ɗayan ya zama maraya. Watau mai igiya ana sayensa ne a gyara in ya lalace, marar igiya kuwa ranar da aka saye shi aka fara ƙirga kwanakinsa.

Raba Sauti Tsakanin Masu Sauraro

Yanzu mu koma kan tambayarmu ta farko. Hanya mafi tsufa ta raba sauti da iyafis kowa ya san ta: kai kunne ɗaya, abokinka kunne ɗaya. Da mai igiya, dole ku zauna kafaɗa da kafaɗa, kanku ya kusa haɗuwa, in ɗaya ya yi dariya ɗayan ya ji a jikinsa. Da marar igiya ma ana yi, har mutum ya iya tashi ya ɗan taka. Illar ita ce kowa rabin sauti yake samu, domin akan raba kiɗa tsakanin dama da hagu, sai dai in an shiga saitin waya an haɗe su wuri ɗaya.

Hanya ta biyu ita ce ɗan abin nan mai rassa biyu, wanda ake sa bakinsa a waya a jona iyafis biyu a jikinsa. Akwai ma mai rassa biyar. Ba ya cin caji, kuɗinsa kaɗan ne, iyaka dai murya takan ɗan ragu gwargwadon yawan waɗanda suka jona. Ga ɗaliban da suke son su saurari laccar da aka naɗa cikin dare ba tare da sun tashi abokan kwana ba, har yau ba a yi abin da ya fi shi sauƙi ba.

A ɓangaren marar igiya kuwa, an gina Bluetooth na asali ne a kan waya ɗaya da mai karɓa ɗaya. Daga baya kamfanoni suka yi dabara: Samsung ya kawo hanyar jona hedifon biyu a 2017, Apple ya kawo tasa a 2019, amma ta Apple sai da kayan gidansa take aiki. A 2022 masu kula da ƙa'idojin Bluetooth suka sanar da wani sabon tsari mai suna Auracast, wanda zai bar na'ura ɗaya ta watsa sauti ga duk wanda yake kusa, komai yawansu, kowa ya kama da nasa iyafis ko da na'urar taimaka wa ji. Amfaninsa a ɗakin lacca da masallaci da tashar jirgi a fili yake, musamman ga masu raunin ji. In muka duba da kyau, wannan ai rediyo ne aka sake ƙirƙirowa a cikin ɗaki guda. Sai dai sharaɗinsa kowane mai sauraro ya mallaki nasa abin kamawa.

Hanya ta ƙarshe ita ce wadda ta fi dacewa da tabarmarmu: 'yar ƙaramar lasifika mai Bluetooth, ko rediyon nan mai cin katin ajiya, wanda wani ma da hasken rana yake caji. A nan rashin igiya ya yi wa taro hidima. Wannan yana nuna mana cewa igiya ko rashinta ba su ne suke raba mutane ba. Inda aka nufa da sautin shi ne magana, ko tsakiyar taro ko cikin kunne ɗaya.

Abin Da Muke Iya Rasawa

Jama'a, kada a fahimce mu da cewa sauraron mutum shi kaɗai laifi ne. Yana da wurinsa. Mai hadda yana bukatar ya maimaita karatu sau goma ba tare da ya dami kowa ba. Majinyaci a asibiti da fasinja a mota suna da haƙƙin kada a cika masu kunne da abin da ba su zaɓa ba. Saƙon da iyali suka aiko sirri ne. A irin waɗannan wurare sa iyafis shi ne ladabi.

Damuwarmu ita ce ranar da ya zama shi ne kaɗai hanyar sauraro. Abu na farko da za mu rasa shi ne gyaran majalisa. Saƙon murya yakan shigo ta WhatsApp, wani da ba a san shi ba yana ba da labarin magani ko na siyasa ko na tashin hankali a wani gari. Da a tsakiyar tabarma aka ji shi, da an samu mai cewa a dakata, wa ya faɗa, yaushe aka yi? Amma a cikin kunne ɗaya ya shiga, babu mai musu, sai yatsa ya tura shi gaba. Na biyu, waɗanda ba su da waya ko ba su iya sarrafa ta ba, watau tsofaffinmu da yawancin iyayenmu mata da ƙannenmu, da can suna cin arzikin rediyon gida, yanzu kuwa ɗan boko ya dawo hutu da ilmi cike da aljihu amma ya toshe shi a kunnensa. Na uku shi ne gaisuwa. A ƙasarmu, saurayi ya wuce dattawa bai ji sallamarsu ba saboda kunnensa a toshe, ba ƙaramin abu ba ne, kuma marar igiya ya fi jawo wannan, domin ba a ganinsa daga nesa balle a yi wa mutum uzuri.

Akwai kuma lafiyar kunnen kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan 1 suna cikin haɗarin raunin ji saboda sauraron sauti mai ƙarfi. Ma'aunin da ta fitar a 2019 tare da hukumar sadarwa ta duniya shi ne, babba kada ya wuce sa'o'i 40 a mako a kan ƙarfin desibel 80. In ƙarfin ya kai 90, sa'o'i 4 kacal ne a mako. A can cikin kunne akwai waɗansu ƙananan ƙwayoyi masu kama da gashi da suke karɓar sauti, in suka mutu ba sa sake tsirowa. Wannan hukunci bai bambanta mai igiya da marar igiya ba. Haka nan mai tuƙa babur a hanyar Wudil zuwa Gaya da kunnuwa biyu a toshe, ya sani ya rufe ƙofar da ƙahon mota zai shigo masa. In kuma za a yi aron iyafis, a goge shi tukuna, domin ciwon kunne yana iya bin sa. Rigakafi ya fi magani.

Abin Da Ya Rage Gare Mu

Daga abin da ya gabata, ga shawarwarinmu. Ga ɗalibi mai ƙaramin ƙarfi, mai igiya shi ne tushe: a nemi mai ƙwari, a kuma duba ko waya tana da kafarsa da rediyon FM kafin a saye ta. Wanda yake da hali kuma aikinsa yana bukata, ya sayi marar igiya, amma ya sani haya ya ɗauka ta 'yan shekaru, kada kuma ya yar da tsohon, domin da tsohuwar zuma ake magani ranar da caji ya ƙare. 'Yan ɗaki ɗaya su haɗa kuɗi su sayi mai rassa. In za mu tafi hutu, a cikin tsarabar gida a sa rediyo ko 'yar lasifika, a cika kati da abin da zai amfani mutanen gida, kamar shirye-shiryen noma da kiwon lafiya da karatu, a zauna a ji tare, a kuma tsaya a amsa tambaya. In mun iso majalisa ko mun shiga zaure, a cire abin kunne tun daga nesa.

Ga yayyenmu ma'aikata, musamman na sashen ilmi da aikin gona da lafiya a ƙananan hukumominmu, roƙonmu shi ne, duk ranar da aka ɗora maku sayen kayan sauraro don makaranta ko ajin yaƙi da jahilci ko taron manoma, ku yi tambayoyi uku kafin ku sa hannu: mutum nawa za su ji, da me za a yi caji, wa zai gyara in ya lalace?

Ga 'yan'uwanmu masu karatun injiniya kuwa, a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da take Wudil da Jami'ar Bayero da sauransu, muna tuna masu da cewa tarihin baka ya nuna maƙera ne daga Gaya, watau Abagayawa, suka je gindin Dala neman tama, har gari ya kafu. Jikokin maƙera bai kamace su su tsaya a saye da yarwa ba. Haɗa mai rassa, da gyaran igiya, da ƙera lasifika mai cajin rana wadda za ta ishi aji guda, duk ba su fi ƙarfin ɗalibin shekara ta biyu ba, kuma kasuwarsu tana nan tana jira daga Gaya har Ajingi.

Zamani riga ne, kowa da irin wadda ya tarar, kuma ba mu ce a koma 1944 ba. Abin da muke cewa shi ne mu karɓi sabon abu da idonmu a buɗe, mu san abin da ya ba mu da abin da yake nema ya karɓe. Iyayenmu da rediyo ɗaya suka ilmantar da unguwa. Zai zama abin kunya a ce mu da muke da na'ura a kowane aljihu mun kasa isar da abin da muka ji ko da ga mutanen gidanmu.